An ce mu daina yi wa ɗanmu Hausa a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji 2 na firamare a wata makarantar kuɗi a nan Daura. Hedimasta ya ce mu daina yi masa Hausa a gida, wai ita ke hana shi iya Turanci, har tara suke cin yaron da ya yi "banakula". Ni kuwa Turancina bai taka kara ya karya ba. Yanzu yaron ya rage magana, hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki koma yi wa ɗanki Hausa tun yau. Yaron da aka rufe wa baki a makaranta, aka zo gida aka sake rufe masa, da wa zai yi magana?

Wannan zance na cewa Hausa tana toshe Turanci kullum sai na ji shi, har na gaji. Kan yaro ba kwarya ba ce da sai an zubar da fura kafin a zuba nono. Wanda ya gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa a "gida" da "rakumi", da wannan ganewar zai shiga karatun Turanci. Wanda aka fara da haddar abin da bai sani ba kuwa, shi ne za ki ji yana rera shafi guda kamar aku, ki tambaye shi me ya karanta ya yi zuru. Iyaye su ji daɗi, mai makaranta ya ƙara kuɗin zango!

An ma gwada abin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6, Turanci yana darasi ɗaya cikin darussa, kuma ko a Turancin ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Su Tafawa Ɓalewa da suka yi Kwalejin Katsina fa? Ba a hana iyayensu Hausa ba, ga shi har yau ana misali da Turancinsa.

Gwamnati dai ta sha juya magana. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen gida, a 2022 aka ce a kai har aji 6, a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da komawa Turanci. Duk wannan batun aji ne, babu wanda ya shafi tsakar gidanki.

Ki yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ki sa ya ba ki labarin darasin ranar da Hausa. Turancin kuma ki bar wa wanda ya iya. Batun tara, ki kai shi taron iyaye da malamai. In makonni suka wuce shirun bai sake shi ba, a duba kunnensa a asibiti.