Jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa idan inji ya ɗau zafi: in zuba mai kauri?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Honda CB400 Super Four ɗan Kwatano, tsohon yayi mai kafireta. Kwanan nan idan na yi tafiya inji ya ɗau zafi, na tsaya a danja, sai jar fitilar baƙin mai ta riƙa ƙyaftawa, da na murɗa totur kuma ta ɗauke. Da safe ba ta yi, kuma man bai ragu ba. Bakanikena ya ce tsufa ne, in yi juye in zuba mai kauri, in ƙara masa gwangwani ɗaya na oyil tiritimen, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce sansa ce, a zare wayar kawai. Hankalina ya kasa kwanciya, domin duk abin da na tara na zuba a mashin ɗin nan, kuma idan ya buga ba ni da kuɗin wani inji. Me zan yi?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye mashin ɗin tukuna, kada ka sake hawansa sai an auna. Sansar da ke kunna fitilar nan, wato 'yar na'urar da ke jin ƙarfin mai, ba ta motsawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), alhali irin injinka, idan ya yi zafi yana juyi 6,000 a minti, ana sa ran ganin wajen bar 4 zuwa 5. Ka ga fitilar ba gargaɗin wuri take yi ba, sai abu ya kusa ƙurewa take magana. Kuma karanshaf ɗinka, wato babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa, ba a kan boris yake juyawa ba, a kan metal yake, wato siraran ɓawon ƙarfe masu santsi da ke rungume da shi, babu abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe sai ɗan siririn man da famfo ke turawa.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Tsayar da mashin cak a wuri mai daidai, ba a jingine ba, ka duba man. Ka ce bai ragu ba, to ni tambayata ita ce, bai ƙaru ba? Shinshina shi. Kafireta huɗu gare ka, ɗaya ce kawai za ta riƙa ɗiga cikin dare fetur ya gangara ta zoben fistin ya gauraya da baƙin mai. Sai ka ga awon yawan man a cike, mai kuwa ya tsinke, da ya ji zafi ƙarfinsa ya zube. Idan kuma ya yi fari-fari, ruwan lagireto ne ya shiga. Duba silo ma, wato juyin inji idan ba ka murɗa totur ba. Ya kamata ya tsaya wajen juyi 1,300 a minti. Idan wani ya sauke maka shi ƙasa da dubu da sunan rage shan mai, famfo ba zai juya yadda ya kamata ba. Sannan zare wayar daga kan sansa, ka kunna makulli: idan fitilar ta ci gaba da ci, wayar ce ta goge tana taɓa bodi. Ka mayar da ita bayan gwajin. Wanda ya ce a zare ta a bar ta haka, kada ka sake ba shi mashin ɗinka.

Yanzu maganar mai kauri, wadda kusan kullum sai na yi ta da wani a gareji, har na gaji da jin ta.

Mutane sun ɗauka famfon mai shi ke ƙera ƙarfi. Famfo turawa kawai yake yi. Ƙarfin da geji ke nunawa yana zuwa ne daga ƙuncin hanyar da man ke bi, kamar yadda mai wankin mota ke matse bakin tiyo ruwa ya yi tsiri, da ya saki ya zubo salalam alhali famfon bai canza ba. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal a lafiyayyen inji ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba. Idan metal ya cinye, tazarar ta buɗe, mai ya riƙa zurarewa ta gefe, ƙarfi ya sauka. To ka zuba mai kauri, me ka yi? Ka sa man ya yi wuyar wucewa, sansa ta ji matsi, fitila ta mutu. Metal ɗin da ya cinye yana nan yadda yake. Rariyar da ke tace mai a ƙasan inji kafin ya shiga famfo, in ta toshe tana nan a toshe, har ma abin ya ƙara muni, domin famfon da ya kasa jawo mai tsinkakke ta cikinta yaya zai yi da mai danƙo? Abin da ka kashe shi ne mai ba ka labari, ciwon kuwa ka ba shi lokaci ya girma.

Ba nan ya tsaya ba. Da asuba cikin hunturu, man da aka cika wa tiritimen ba ya son motsi. Ka tayar da inji, matsi ya haura nan take, bawul ɗin rage ƙarfi ya buɗe ya mayar da man ƙasa, shi kuwa kamshaf, sandan da ke buɗe bawul can saman inji, yana juyawa cikin almuniyam yana jiran abin da bai iso ba. Duk safiya ana ɗan kankare masa. Ga shi baƙin mai ba santsi kaɗai ne aikinsa ba, shi ke kwashe zafi daga metal da ƙasan fistin, kuma man da ke tafiya a hankali zafi kaɗan yake ɗauka. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, kana cikin cunkoso a Kofar Doka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan kada ka manta, a mashin mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Tiritimen ɗin nan don mota aka yi yawancinsa, inda kuloci a bushe yake. Ka zuba shi a naka, faifan kuloci su fara manne wa juna da safe ko su riƙa zamewa a kan hanya, garinsu ya kakkaɓe ya tafi ya ƙara toshe rariya. Shi ya sa ake neman man da aka rubuta wa JASO MA a jikin galan, alamar cewa ya dace da kulocin mashin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu zuba man giya a inji, da masu sayen na awo a bakin titi, su ɗiga a yatsa su ja, su ce ai wannan yana da kauri, mai kyau ne. Yatsa ba ya auna mai. Man giya ba a yi shi don ya zauna da hayaƙi da gawayin ƙonewar fetur ba, ba shi da sinadaran da ke wanke inji. Na kwance injin da aka yi wa haka: na cire kaskon ƙasa, na tarar da rariya a lulluɓe da baƙin laka da guntayen jan gam ɗin da wani ya laɓta maimakon ya sayi gasket, ramuka kaɗan ne suka rage a buɗe. Metal na kwanrod ɗaya (sandan da ke haɗa fistin da karanshaf) ya cinye har jan ƙarfen ciki ya bayyana, wuyan karanshaf ya yi shuɗi don zafi. Wanke rariya da sabon gasket ne kawai mai shi yake buƙata tun farko. Kuma wasu dillalai sun san wannan dabara sarai, da ita suke rufe bakin fitila kafin su sayar wa bawan Allah da mashin. Wannan ha'inci ne, ba gyara ba. Bakaniken da bai mallaki geji ba ya ce "ban sani ba, je ka a auna", ya fi mini wanda zai yanke hukunci da kunne.

Ban ce mai kauri irin 20W-50 haramun ba ne. Tsohon inji a zafin ƙasarmu yana iya zama da shi lafiya maimakon 10W-40. Amma bayan an san abin da ke ciki ake wannan shawara, ba don a ɓoye shi ba.

Ga yadda ake aunawa. A kwance sansa, a ɗaura gejin mai na allura a gurbinta, a bar inji ya yi zafi sosai, man ya kai kimanin digiri 80, domin awon inji mai sanyi yaudara ne. A karanta a silo, a karanta a 6,000, a gwada da abin da littafin mashin ya ce. Idan duka biyun sun yi daidai, ka yi hamdala, sansa ce ta gaji, canza ta. Idan allura tana rawa, ko tana faɗuwa yayin da kake ƙara wuta, famfo na shaƙar iska ko rariya ta toshe. Idan ƙarfin ya yi ƙasa ko da sanyi ko da zafi, a duba bawul ɗin rage ƙarfi, wataƙila datti ya maƙale shi a buɗe, sannan famfon kansa. Wanda ya fi kama da abin da ka kwatanta, wato lafiya da sanyi, faɗuwa a silo da zafi, ko dai mai ne ya tsinke ko tazarar metal ta buɗe. Don raba gardama, yi juye da mai na gaskiya da sabuwar filta ta asali, ka sake aunawa.

Tsohuwar filtar kada ka yar. Yanka ta, ka buɗe takardar ciki a rana. Baƙin gari na kuloci ne. Idan ka ga ƙyalli-ƙyalli fari ko ja-ja, metal ne ke cinyewa, kuma a nan babu sauran gwaji, sai a sauke inji. Muddin bai fara ƙwanƙwasa ba, sau da yawa karanshaf yana tsira, sabon metal da gasket da aikin hannu ne za su ci kuɗinka. A auna wuyan karanshaf ɗin da maikuromita, na'urar awon kaurin ƙarfe, kafin a sayi metal, domin na Honda kala-kala ne gwargwadon kauri, ba a ɗauko kowanne a sa. A busa duk hanyoyin mai da iska kafin a haɗa, kuma bayan haɗawa a cire filogi a juya inji da sitata har fitilar ta mutu kafin a bari ya tashi.