Optimus Prime na Masterpiece: MP-10 zan saya ko MP-44?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina yaro nake son katun ɗin Transformers, yanzu na ɗan tara kuɗi ina so in sayi Optimus Prime guda ɗaya mai kyau na ajiya, irin wanda ake cewa Masterpiece. Na ga akwai MP-10 akwai MP-44, kuma kuɗin na biyun ya yi nisa sosai. Dan Allah mene ne bambancinsu, kuma da gaske ne wai masu tsadar sun fi saurin karyewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta yi min daɗi wallahi, dan su biyun nan duk na riƙe su a hannu na juya su, kuma ina da ra'ayi a kansu wanda ba zan ɓoye maka ba. In kana son abin da za ka dinga ɗaukowa kana juya shi daga mota zuwa mutum-mutumi kana jin daɗi, MP-10 ne naka. In kuma burinka ka kafa shi a kabad ɗin gilashi ka dinga kallon Optimus kamar yanzu ya fito daga talabijin, to MP-44 ne, sai dai ka shirya haƙuri.

Bari in ɗan koma baya kaɗan dan ka gane me ya sa su biyun suka bambanta haka. Asalin kayan wasan nan na Japan ne, kamfanin Takara ne ya ƙera su da sunan Diaclone da Micro Change, sai Hasbro na Amurka ya ɗauko su a 1984 ya sa musu sunan Transformers aka yi musu katun. To masu zanen katun ɗin ba su bi abin wasan sak ba, sun sauƙaƙa shi ne dan ya yi saurin zanawa: tayoyi su ɓace daga ƙafa, ƙugu ya siraice, baya ya zama sumul ba tarkace. A zane wannan ba komai ba ne, ka goge layi shikenan. Amma a hannu taya ba ta ɓacewa, dole a samo mata inda za ta shige. Duk tarihin Masterpiece kokawa ce da wannan matsalar, kuma kuɗin da kake biya yawancinsa na wannan kokawar ne, roba da fentin ba su kai haka ba.

Na farko a jerin Masterpiece, wato MP a taƙaice, shi ne MP-1, ya fito a Japan a 2003, ana shirin cikar Transformers shekara 20. A Japan Convoy suke kiran Optimus, in ka ga wannan sunan a kwali kar ka rikice shi ne dai. MP-1 ƙato ne, wajen santimita 30, ƙarfen zubi ya yi masa yawa har in ka ɗaga shi sai ka ji nauyi na gaske a hannu, kuma tirela ba ta cikin kwalinsa sai da aka sake fito da shi a matsayin MP-4. Girman nan nasa shi ya zama matsala daga baya, dan in za a yi sauran abokansa masu zama ƙananan motoci daidai da shi, sai su yi girma da tsada fiye da kima. Shi ya sa a 2011 Takara Tomy (Takara ya haɗe da Tomy tun 2006) suka sake lale da MP-10, suka rage tsayin zuwa wajen santimita 25, kuma a kan ma'auninsa aka gina waɗanda suka biyo baya, irin su Sideswipe MP-12 mai zama Lamborghini Countach, da Prowl MP-17 mai zama Nissan Fairlady Z, da Bumblebee MP-21 mai zama Volkswagen Beetle, duk da lasisin kamfanonin motocin.

Abin da nake so a MP-10, in ka juya shi kana gane abin da kake yi. Gilashin gaban motar shi ne ƙirjinsa, hannaye su fito daga gefe, ƙafafu su miƙe daga bayan motar, sai wasu faifai su rufe tayoyin ƙafa. Kwakwalwarka na bin hanyar, bayan ɗan lokaci ma hannunka ne zai dinga yi ba sai ka duba takarda ba. Bindigarsa tana naɗewa ta shige bayansa, ƙirji ya buɗe ka ga Matrix a ciki, abin nan na alamar shugabanci da Optimus ke ɗauke da shi a katun, ga tirela da ke buɗewa, ga ƙaramar motar nan Roller, ga ɗan mutum Spike da zai iya zama a cikin motar. A yanayin mota kuwa yana kama da kan tirela na gaske, da salansa masu ƙyalli da layukan ƙusa a jiki. Inda ya gaza a fili yake: hannayensa sun ɗan yi tsawo, jikinsa ya fi na katun kauri, kuma gaɓoɓinsa ba sa lanƙwasuwa sosai, in kana son ka durƙusar da shi ko ka yi masa tsayuwar faɗa mai zafi za ka ji ya tsaya maka a hanya.

MP-44 ya fito a 2019, kuɗinsa a Japan yen 50,000 ne kafin haraji, fiye da ninki biyu na abin da aka fara sayar da MP-10. Shi manufarsa ɗaya ce tal, ya zama katun ɗin 1984 a tsaye. Kuma maganar gaskiya sun cim ma abin, ranar da na fara tsayar da shi na ja baya na kalle shi sai da na ji wani abu a raina, kafaɗun nan, ƙirjin nan, ƙafafu sumul ba taya ko ɗaya a waje, launin ja da shuɗi a shafe lumui kamar na zane. Gaɓoɓi kuma kamar ba iyaka, ƙugu na juyawa ciki na lanƙwasuwa yatsu na motsi, duk tsayuwar da ka tuna daga katun za ka iya yi masa. Kwalin ma cike yake, kawuna na canji, da sassa masu nuna raunin yaƙi, da gatarin wuta, da 'yan mutane uku Spike da Sparkplug da Carly, da tirela, har da na'urar murya a bayansa mai magana da Japananci da Turanci.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Dan a samu wannan surar, kusan duk fatar motar sai ta juye ta koma ciki, wata fatar ta daban ta fito waje. Wasu abubuwan da kake gani a jikin mutum-mutumin kamar na mota ne, ba su ne na motar ba, na kwaikwayo ne aka ƙera daidai da zanen, na gaskiyan sun naɗe sun ɓuya a baya ko a cikin ƙafa. Ƙafar kaɗai aiki ce guda, faifai ne sirara kan faifai kowanne da ɗan mahaɗinsa, wannan sai ya wuce kafin wancan ya rufe, in ka tsallake mataki ɗaya a tsakiya ba za ka sani ba sai can ƙarshe inda ƙofar gefe ta ƙi zama, ka dawo baya kana neman inda ka kauce. Ragowar abin da ya rasa wajen shiga shi ne ya taru ya zama jakar nan ta bayansa, wadda in ka kalle shi ta gefe za ka ga ta yi tudu. Akwai masu jin daɗin irin wannan wahalar kuma ina girmama su, ni ma ina jinjina wa injiniyoyin da suka zauna suka lissafa wannan naɗin, aiki ne na ban mamaki. Sai dai ni a wajena abin wasa mai rikiɗa in ya kai ka fara jin nauyin juya shi har ka bar shi wata da watanni a sura ɗaya, rabin daɗinsa ya tafi. Wannan salon ba a kansa ya fara ba, Megatron, babban abokin gaban Optimus, MP-36 na 2017 mai zama bindiga Walther P38, shi ma haka yake, kyau kamar me, juyawa kuma sai ka nutsu sosai.

Yanzu maganar karyewa. Ba wai an yi su da kaya marasa kyau ba ne, a'a, yanayin ƙirar ne ya jawo. Na yara ana yin sa da roba mai kauri, gaɓoɓi kaɗan, kuma da yawa an tsara su in an matsa musu su ɓalle a mayar maimakon su karye. Na manya kuwa a kwalin ma za ka ga an rubuta na 'yan shekara 15 zuwa sama ne, sassan sirara ne, an matse tazarar da ke tsakaninsu dan kar a ga tsaga, kuma an shafe kusan ko'ina da fenti. Fenti yana ƙara wa abu kauri ko da kaɗan ne, shi ya sa inda faifai biyu ke gogar juna nan fentin ke fara ɓarewa. Robar da ake gani ta cikinta, irin ta gilashin mota, ta fi sauran gautsi, in mahaɗi ya ratsa ta cikinta to nan ne wurin tsoro. Sai gaɓoɓin nan masu haƙora da sifirin da ke yin ƙas-ƙas in ka lanƙwasa, gwiwa da kafaɗa da cinya, in sifirin ɗin ya yi ƙarfi dayawa duk matsin a kan robar da ke kewaye yake sauka. A MP-44 gwiwa ce wurin da masu tarawa suka fi yin magana a kai, dan haka in za ka lanƙwasa ta ka riƙe kusa da gaɓar da hannu biyu, kar ka kama ƙasan ƙafa ka ja kamar liba.

Ƙa'idar da nake bi kullum ita ce in abu ya ƙi motsi kar ka tilasta shi, kusan ko yaushe akwai wani ɗan harshe da bai fita daga raminsa ba. In ka ga farin layi ya fito a jikin roba mai launi, gargaɗi ne robar ta fara gajiya a wurin, ka daina matsa nan. Gaɓa in ta yi tauri fiye da kima ka sassauta sukurunta kaɗan da ƙaramin sukudireba, kwata ɗin juyi ma ya isa. Takardar bayanin da ke cikin kwali zane ne ƙanana kuma ba sa nuna yawan ƙarfin da za ka sa, gara ka buɗe bidiyon wani yana juyawa a YouTube ka dinga tsayarwa kana bi a hankali, a kan tebur mai shimfiɗa, ba a tsaye ba.

Ajiya kuma, hasken rana shi ne babban abokin gaba, yana mayar da fari da ruwan toka su koma rawaya, ja ya koɗe, ko ta taga ne kawai yake shigowa. Zafi yana busar da tayoyin roba su tsage, sassa masu laushi su fara danƙo. Abin da ke ƙyalli kamar azurfa shafe ne siriri a kan roba, gumin hannu na cinye shi a hankali, ka dinga goge shi da ƙyalle mai laushi. MP-44 kuma in za ka daɗe ba ka kunna muryar ba ka cire batir ɗin, kar ya zubo ya ci wayoyin ciki.

Tunda guda ɗaya za ka saya kuma shi ne na farkonka, ni MP-10 zan ce maka, ba dan arha kawai ba, dan shi ne zai koya wa hannunka yadda waɗannan abubuwa suke ba tare da ya tsorata ka ba, kuma har yau in ya tsaya a kanta ba ya jin kunya gaban kowa. In daga baya ka ji idonka na neman na katun sak, MP-44 na nan, lokacin hannunka ya goge.

Abu ɗaya da za ka kula da shi sosai, MP-10 ya daɗe da fitowa, yawanci na hannu za ka samu, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, wanda masu tarawa ke kira KO, wani kwalin jabun in ka gani a hoto sai ka rantse na gaske ne. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton abin da kansa ba hoton intanet ba, gaba da baya, a mota da a tsaye, da tambarin Takara Tomy ko Hasbro a kwali da rubutun da ke jikin robar. Ka ce ya ɗaga hannayen ya saki ka ga ko suna faɗuwa, ya nuna maka salansa biyun nan na kafaɗa da eriyar kai dan su ne ke fara karyewa, ya kuma jera kayan cikin kwalin, bindiga, gatari, Matrix, Roller, Spike. In kuɗin ya yi ƙasa sosai da abin da sauran masu sayarwa ke faɗa alhali ana ce maka sabo ne dal a kwali, ka ɗauka jabu ne har sai an nuna maka akasin haka.