An ce in shiga da bizar Umara, daga baya a mayar mini da ita igama

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 28, ina da NCE, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya. Aurena ya mutu bara, ina da 'ya ɗaya. Tun ina yarinya nake son in fita in ga duniya, amma ko Legas ban taɓa zuwa ba. Ƙawayena da suka fita, in sun dawo sai in ga idonsu ya buɗe, ba sa tsoron shiga ko'ina. Yanzu wata Hajiya a unguwarmu ta ce za ta yi mini bizar Umara, in na sauke Umarar in zauna a Jidda ta sama mini aikin gida, daga baya a mayar da bizar igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ba zan ba da ko sisi ba, za a riƙa cira daga albashina. Ta ce in kawo fasfo cikin makon nan. Mahaifiyata ta amince, ni ce dai barci ya gagare ni. Ƙauyanci ne ke damuna ko kuwa akwai abin tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba ƙauyanci ba ne. Mayar da fasfon nan ƙasan akwati tukuna.

Shekara goma sha biyar ke nan ina aikin shirya wa mutane tafiya, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana ba: "ke dai ki shiga, in kin shiga an gama." Na gaji da jin ta. Bizar Umara ba ta rikiɗa ta koma igama. Babu ofishin da ake yin haka a Jidda, babu Balaraben da zai yi miki don yana da hanya. Bizar aiki tun kina gida ake fara ta: mai ɗaukar ki ya nema daga can, a yi kwantiragi, a yi miki gwajin lafiya, bizar ta fito da sunan aikin da za ki yi, sannan ki hau jirgi. Masu aikin gida ma Saudiyya ta ware musu manhajar Musaned don a bi da su ta nan. Duk wanda ya ce miki a juya tsarin, ki fara shiga sannan takarda ta biyo baya, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani sarai. Masu yin bizar nan kuwa sun sani.

Bizar Umara kwana 90 take ba ki, wani lokaci ma ba ya cika, domin hukuma kan sa ranar da kowane mai Umara zai fice kafin aikin Hajji. Washegarin ranar da ta ƙare kin zama abin da mutanenmu na can ke kira takari marar takarda. Hukuncin da Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar ga wanda ya zarce wa'adin bizarsa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a koro shi. Za a ɗauki hoton yatsunki, komawa ƙasar ta yi miki wuya.

Amma ba tarar ce ta fi ba ni tsoro ba, zaman ne. Mace marar igama ba ta da asusun banki, ba ta da layin waya da sunanta, in ciwo ya kama ta sai ta yi ta juyi a ɗaki don tsoron a tambaye ta takarda a asibiti. In matar gida ta hana ta albashin wata huɗu, wa za ta kai wa ƙara? Askarawan da take gudu? Wata baiwar Allah ta taɓa zama a kujerar da ke gaban teburina, shekararta shida a can. Da silifas ta dawo daga gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro, da baƙar leda mai ɗauke da atamfa biyu. Ta ce duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa, banɗaki take shigewa ta kashe fitila. Muna cikin magana masinja ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishina, na ga kafaɗunta sun zabura. Na tambaye ta me ta gani a Saudiyya. Ta ce kicin huɗu. Bashin da aka ce za a cire cikin wata takwas kuwa, har ta baro ƙasar ana cewa da saura.

Wannan "ba za ki ba da ko sisi ba" shi ne ƙugiyar. Kuɗin biza da tikiti da masauki ba sadaka ba ne. Wadda ta biya ita ke riƙe da littafin lissafi da fasfonki, ita ce kuma kaɗai ta san gidan da aka kai ki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake lulluɓe harkar da addini. Da an ce Makka sai bakin iyaye ya mutu. Uwar da ba za ta bar 'yarta ta kwana a Kaduna ba, sai ta sa albarka a miƙa ta ga mutanen da ba ta san ko sunansu ba. Ba na zargin Mama, ita ma abin da aka gaya mata ke nan.

Ko ta halastacciyar hanya aka bi, aikin gida a ƙasashen Larabawa sai an buɗe ido. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga wanda ya ɗauko shi, a Maris ɗin 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. A Lebanon, a 2020, har tallar wata 'yar Najeriya aka sa a Facebook kan dala 1,000, sai da hukumar NIDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta shiga maganar. To ina ga wadda ba ta da ko kwantiragi?

Sai maganar kaya. Irin wannan tafiya ba ta rasa "ga ɗan saƙo ki kai wa 'yar'uwata, yaji ne da kilishi." Kada ki karɓa, ko daga wa. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne.

Burinki na ganin duniya kuwa, kada kowa ya kushe miki shi. Buɗewar idon da kika gani a wurin ƙawayenki gaskiya ce, amma mai fasfo a hannunta da tikitin dawowa a jakarta ce ke samun ta. Tafiyata ta farko Kumasi ce ta ƙasar Gana, a mota. A can na fara canjin kuɗi da kaina, aka cuce ni, washegari na gane, jibi ba a sake ba. Na ɓata a kasuwar Kejetia, wata tsohuwa 'yar zango ta ji ina salati da Hausa, ta kama hannuna har masauki. Na dawo ba da dukiya ba, amma tun daga nan babu tashar mota ko ofishin da ke ba ni tsoro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ki damar shiga Gana ko Sanagal ki yi kwana 90 ba biza, fasfo kawai da katin rigakafin shawara. Mata nawa ne daga Zariya da Kano ke haɗa ayari zuwa Mauludin Kaulaha a Sanagal duk shekara? Ki shiga adashi, ki bi irinsu lokacin hutun makaranta. In Umarar ce a ranki, ki tara ki je ta kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ki dawo ranar da aka rubuta.

Hajiyar unguwarku kuma, kada ki je wurinta ke kaɗai. Ki tafi da kawunki ko yayanki, ku tambaye ta abu uku: lasisinta na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kwantiragi a rubuce mai sunan wanda za ki yi wa aiki da albashi, da jimillar bashin a lamba. In ta fara "ba ku yarda da ni ba ne?", ku yi mata sallama. In kuma kika ji akwai wasu 'yan matan da ta riga ta karɓi fasfonsu, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishi a Kano, a sanar da su kafin ranar tashin jirgin.