Tayar tubles ta keken tsere tana sacewa cikin dare

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaura tayar tubles, wato marar tib a ciki, a kekenka na tsere, amma kafin gari ya waye ta sace, kuma ba ka ga huji ba.

Sau da yawa laifin ba na taya ba ne, na tef ɗin da ke rufe ramukan sifok a cikin rim ne. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa. In kumfa na tashi a gindin sifok ko bawul, iska ta bi ƙarƙashin tef. Cire shi, goge rim ɗin ya bushe sarai, ka naɗa sabo da faɗinsa ya cika rim. Ni ma na taɓa ɓata kwana biyu ina ƙara ɗaure bawul, ashe tef ne ya tattare.

Sannan ruwan toshe huji: mililita 30 zuwa 60 ya isa taya ɗaya. Bayan zubawa ka jujjuya tayar, ka ɗan hau keken. Zafi yana busar da ruwan da wuri, don haka ka riƙa dubawa bayan wata biyu ko uku.

Hattara da injin iskar mai faci. Yana zaunar da taya nan take, amma rim marar ƙugiya a baki ba a wuce masa psi 72.5 a ma'aunin ƙarfin iska, in ba haka ba tayar tana iya fincikewa.

In rim ɗin ya lotse ko gefen tayar ya yage, kai wa makanikin keke. Kuma kada ka fita tafiya mai nisa babu tib a aljihu.