Inshora ta yi tsada a Amurka: in tattara in koma gida a riƙa duba ni a can?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 61, ina zaune a jihar Tekzas da mai ɗakina, ina tuƙin motar haya ta kaina. Girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin, shekara 9 ke nan. Ina fama da ciwon suga da hawan jini, kullum sai na yi allurar insulin. Inshorar Obamacare nake biya, to ga shi kuɗin wata ya yi tsalle, kuma ko yaushe sai ka ji an sake taɓa dokar. Na gaji. Zuciyata tana raya min in tattara in koma gida, inda ganin likita yake da sauƙi, ga kuma 'ya'ya da dangi. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara afuwa. Gajiyarka da dalilinta, domin mai shekarunka da yake sayen inshora da kansa, ba kamfani ne ke ɗauke masa ba, shi wannan sauyin ya fi ji wa ciwo. Amma shawarata tun daga farko ita ce kada ka tafi bana. Ba wai na raina gida ba ne. Akwai abu biyu da ka kusa kamawa, in ka juya yanzu za su kuɓuce maka, kuma dawo da su aiki ne ja.

Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010 tana nan, ba a soke ta ba. Tun 2014 kamfani ba shi da ikon korar ka ko ya ƙara maka kuɗi saboda sugarka. Cikin abin da aka bar masa akwai duba shekaru, shi ma da iyaka: dattijo ba zai biya fiye da ninki uku na matashi ba. Akwai kuma rufin da doka ta ɗora kan abin da zai fita daga aljihunka a shekara, in ka tsaya a asibitocin da ke cikin tsarinka. A 2026 dala 10,600 ne ga mutum ɗaya. Abin da ya motsa shi ne tallafin da gwamnati ke bayarwa a kan kuɗin wata. A 2021 an ƙara shi, a 2022 aka tsawaita ƙarin zuwa ƙarshen 2025. A ƙarƙashin ƙarin, ba wanda zai biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na abin da yake samu a kan tsarin da ake auna farashi da shi. Idan babu ƙarin, tsohuwar ƙa'ida ce ke aiki: wanda samunsa ya wuce ninki huɗu na ma'aunin talauci, ko da dala ɗaya ne, ba shi da tallafi ko sisi. Ga gida mai mutum biyu, wannan layin a inshorar 2026 dala 84,600 ne. Dokar 4 ga Yuli 2025 kuma ta rage wa baƙi da yawa damar tallafi da ta Medicare, wato inshorar gwamnati ta dattawa, amma mai girin kad yana cikin waɗanda aka bari.

To a nan nake so ka zauna da takardunka. Mai sana'ar kansa, ribarsa ake ƙirgawa, ba duk kuɗin da ya shigo ba. Direbobi da yawa suna rubuta jimillar da manhaja ta nuna musu, su manta da tafiyar da motar ta yi, alhali ana cire ta. Wanda ya ajiye ɗan littafi a gaban mota yana rubuta mil-mil na kowace rana, sau da yawa shi ne yake sauka ƙasa da layin. Abin da ka zuba a asusun ritaya irin wanda ake cirewa daga haraji shi ma yana rage lissafin. Ka nemi mai taimaka wa jama'a rajista, kyauta suke yi, ku auna matakan inshorar, wato tsarin tagulla da na azurfa da na zinare, bisa magungunan da kake sha, ba bisa kuɗin wata kaɗai ba. Ka faɗi gaskiyar samunka, don daga harajin 2026 duk rarar tallafin da aka ba ka sai ka mayar da ita cif. Medicaid kuwa, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kada ka sa rai, Tekzas tana cikin jihohin da ba su faɗaɗa shi ba.

Yanzu ga abu biyun da na ce ka kusa kamawa. Na farko Medicare. Yana farawa a shekara 65, saura maka huɗu. Sashen A, na kwanciya asibiti, ba a biyan kuɗin wata a kansa ga wanda ya tara maki 40 na aiki, kuma maki huɗu ake iya samu a shekara, wato shekara goma ana biyan haraji. Idan ka biya harajin sana'arka duk shekarun nan tara, kana wajen 36. Makin nan dai su ne kuma sharaɗin fanshon gwamnati. Ka ga mutumin da saura masa shekara ɗaya ya cika, in ya tafi yanzu ya saki reshe ya kama ganye. Ka buɗe asusunka a shafin hukumar fansho ka ga adadin da idonka, kada ka dogara da ƙiyasina.

Na biyu takardar zama ɗan ƙasa. Girin kad kati ne na mazaunin Amurka, ba na mai ziyara ba. Ka yi wata shida a waje, za a fara yi maka tambayoyi a filin jirgi, kuma lissafin shekarun neman zama ɗan ƙasa yana iya karyewa. Ka wuce shekara, katin ba zai shigar da kai ba. Akwai takardar izinin dawowa mai kai wa shekara biyu, amma sai kana cikin ƙasar za ka nema. Kai kuwa tun da ka cika shekara biyar ka isa neman zama ɗan ƙasa. Ɗan ƙasa zai yi shekara goma a gida ya dawo ba mai tare shi, fanshonsa kuma yana bin sa yawancin ƙasashe. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ana iya tsayar masa da fansho bayan wata shida a waje, sai in ƙasarsa tana cikin waɗanda aka keɓe. Ka dai bincika ko ƙasarka ta yarda da riƙe fasfo biyu.

Sai dai Medicare ba ya ƙetare teku. Ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan, ba ya biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka. Wannan ne yake sa mutane su ce me zai sa in riƙa biyan sashen B, na ganin likita, alhali ina gida? Na taɓa zama da wani dattijo da ya yi wannan lissafin. Ya daina biya, ya yi shekara uku a gida lafiya lau, sai zuciya ta taɓa shi, 'ya'yansa suka dawo da shi. Ya zaro takardar kuɗin Medicare daga ambulan yana juya ta, ya ce in duba masa ko kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne. Kowace cikakkiyar shekara da mutum ya yi babu sashen B, ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, kuma ƙarin ba ya sauka har ƙarshen rayuwa. Nasa ya zama 30. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne jira: sai tsakanin Janairu da Maris ake sake shiga, shi kuwa a watan Yuni ya sauka.

Batun gida, gaskiyarka ta fi rabi. Ganin likita, gwajin jini, gyaran haƙori, tabarau, duk sun fi sauƙi a yawancin ƙasashe. Kuma akwai abin da inshora ba ta sayarwa: wanda zai kwana a gefen gadonka, wanda zai lura cewa yau ba ka ci abinci ba. Ga mai suga da yake allura, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sugar da ta faɗi cikin dare sai da mutum kusa. Kaɗaici ma ciwo ne, na ga yadda yake cin tsofaffi a ƙasar waje.

Amma kana auna shekarar lafiya ne, ita kuwa inshora don mummunar shekara aka yi ta. Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, wankin ƙoda kuwa sau uku ne a mako, ba ranar dainawa sai an yi dashe. A Amurka tun dokar 1972 Medicare yana ɗaukar mai wannan lalurar ko bai kai 65 ba, in yana da tarihin aikin da ake buƙata. A gida wa zai biya, har tsawon yaushe? Idan ɓarin jiki ya shanye da asuba, minti nawa ne tsakaninka da asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki? Insulin yana son sanyi, to yaya wuta take inda za ka zauna? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, saboda haka wurin sayen maganin ma sai an tantance.

Kada kuma ka ɗauka inshorar kamfani a gida ko ta ƙasa da ƙasa za ta yi maka irin ta Obamacare. Yawancinsu suna cire ciwon da ka shigo da shi, ko su ce sai ka jira watanni, wasu ma ba sa karɓar sabon mutum da ya haura wasu shekaru. Ka ce a nuna maka a rubuce. Fasfo shi kaɗai ma ba ko'ina yake buɗe asibitin gwamnati ba. A Ingila, ɗan ƙasar da ya koma zama waje, in ya leƙo don jinya kawai, ana iya cajinsa kashi 150 cikin ɗari na farashi, sai ya nuna ya dawo da zama.

Da ni ne kai, zan shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa a watan nan, in cika makina 40, in sake zaɓen tsari idan an buɗe rajista ranar 1 ga Nuwamba. Duk rintsi ba zan zauna babu inshora ba. Dokar 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa ya karɓe ka, amma takardar bashi tana biyo ka gida. A tsakani sai ku je da Hajiya ku yi wata biyu ko uku, ba ziyarar gaisuwa kaɗai ba. Ka tafi da bayanan asibitinka, da sunayen magungunanka na asali ba na kamfani ba, da sakamakon gwajin sugar wata uku da na ƙoda. Ka nemi likitan suga ka zauna da shi, ka leƙa ɗakin wankin ƙoda ka tambayi injin nawa ke aiki. Ita ma Hajiya a duba shekarunta da makinta, domin ranar da ka shiga Medicare ba za ta bi ka ciki ba sai ta kai 65, kafin nan inshorarta daban za a ci gaba da biya.