Wace manhaja ce za ta gyara min intanet?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Kabuga. Intanet ɗin kwamfutata tafiyar hawainiya yake. Wani ya ce in saka TCP Optimizer, wani kuma DNS Benchmark. Wacce ta fi?

Amsa: Ɗan'uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne. TCP Optimizer kyauta ce, tana taɓa saituna irin su MTU, wato girman ƙunshin bayanai, wanda yawanci 1500 ne. Ta yi tashe zamanin Windows XP, amma tun daga Vista, Windows na daidaita yawancin wannan da kansa. Na gwada ta a tawa, ban ga wani bambanci ba.

DNS Benchmark kuwa ba ta canza komai, aunawa kawai take yi, ta nuna maka sabar DNS (mai nemo wa kwamfuta adireshin shafi) da ta fi saurin amsawa, ko 1.1.1.1 na Cloudflare ko 8.8.8.8 na Google. In ka koma kan wadda ta fi sauri, shafi zai ɗan buɗe da wuri, amma saukar da fayil yana nan yadda yake.

Ni dai da MiFi ɗinka zan fara. Nawa yana bayan firinta, sigina sanda ɗaya. Na ɗora shi a taga, ya koma huɗu.