Kujerun saƙa na gidan tsohon ma'aikaci: in saya ko in bari?

Wani ɗan gwanjo da ke sayar da tsofaffin kayan ɗaki a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato ya aiko mini da wannan: "Malam, magadan wani tsohon ma'aikacin En'e sun kira ni in sayi kujerun saƙa shida da tebur da wani kwandon ajiye tufafi mai murfi. Sun ce tun zamanin Turawa suke gidan. Naira dubu 400 suka yanke, kuma jarina duka bai kai miliyan guda ba. Ɗana ya gani a intanet ana sayar da irinsu da dala. Mi za ni yi?"

Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya gani kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka biya ba. Kai ma ka san tazarar da ke tsakanin "nawa" da "sallama". Za mu komo kan wannan. Kafin nan ka koma gidan da rana tsaka, ka ɗauki tocila da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne, ka kife kowace kujera. Fuskar kujera ta mai saye ce. Gindinta shi ne na ɗan kasuwa.

Fara da abin da aka saƙa ta da shi. Idan ka kankare wani lungu da farce ka ga zare mai santsi, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ba gaɓa ko ɗaya, yana warwarewa kamar igiyar takarda, to takarda ce aka murɗa. Ɗora maganaɗisun a kan saƙar. In ya kama, akwai waya a ciki, kuma da alama abin da ake kira Lloyd Loom ne ke hannunka. Wani Ba'amurke, Marshall Lloyd, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1917, kamfanin Lusty na Landan kuma ya fara yin irinta a 1922. Wannan kwando mai murfi da ka ambata shi ya sa na fi zargin haka, domin kwandunan wanki na cikin abin da Lusty ya fi shahara da su. Duba ƙarƙashinsa da kyau: akan sami tambarin kamfanin, wani lokaci har da hatimin wata da shekarar da aka yi shi. In ka same shi, ka huta da kintace.

Idan kuwa kara ne na gaske, mai ƙarfi da ƙananan ƙofofi a bakin da aka yanke, to sai a yi hattara. Irin wannan kara yana fitowa a dazuzzukan kudancin ƙasar nan, kuma har gobe masaƙa na aikinsa a Legas, wajen Maryland. Kujerar da aka saƙa can shekara ashirin da suka wuce, ta sha hunturun Sakkwato da ƙurarta, za ta yi maka kama da wadda Razdan, Baturen mulkin lardi, ya zauna a kai. Ba abin da ke tsufar da kara kamar iskarmu. A nan ƙusa ce za ta faɗa maka gaskiya. Ƙananan ƙusoshi masu tsatsa da sukuru mai tsaga guda a ka, alamar tsohon aiki ce. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga wajen 1936 zuwa sama. Fin ɗin da ake harbawa da bindigar kafinta, ko ɗaurin roba a kusurwa, wannan aikin jiya-jiya ne, ko kuma gyara aka yi. Ɗaga kujerar ka ji nauyinta: tsofaffin na Amurka da yawa a kan ƙashin katako mai ƙarfi aka saƙa su, suna da nauyi fiye da yadda ido ke zato.

Sunayen da ke ɗaga farashi kaɗan ne. Akwai Heywood da Wakefield na Amurka, kamfanoni biyu da suka haɗe a 1897, akwai kuma Dryad na garin Lesta a Ingila, wanda aka kafa a 1907. In ka ga takarda ko 'yar tagulla mai ɗayan waɗannan sunaye, kada ka ɓamɓare, kada ka goge, ka ɗauki hoto kawai. Amma gaskiya ban sa ran za ka gani ba. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma kafin mota da jirgin ƙasa su sauƙaƙa hanya, ba kowa ke jigilar kujera tun daga Ingila ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kayan shekarun 1940 zuwa 1960 ne, wani Bature ya bar wa ma'aikacinsa da zai koma gida. A kasuwar kayan tarihi kuwa, sai abu ya kai shekara 100 ake ba shi cikakken sunan tsohon kaya.

Yanzu kuɗi. Ko da Lloyd Loom ce ta asali, miliyoyinsu aka yi, don haka ko a Ingila ba tsadar a-zo-a-gani gare su ba. Ka sa ɗanka ya shiga eBay, wata kasuwar intanet, ya zaɓi jerin abin da aka riga aka sayar, ya nemo mai kama da naka. Daga wannan kuɗin ka tuna cewa mai sayen yana Landan, kujerarka tana Sakkwato, kuma kuɗin aika kujera ɗaya zai iya cinye kuɗinta duka. Mai sayenka na gaskiya yana Abuja ko Legas ko Kaduna: mai otal, mai gidan shan shayi na zamani, masu ƙawata gidaje, masu shirya fim. A nan gida, yawancin masu shigowa rumfarka za su gwammace kushin sabo fil. Wato kayan za su iya yin wata shida suna kallonka, kusan rabin jarinka na barci a cikinsu, ga azumi da Sallah lokacin da kasuwar gado da katifa ke haɓaka.

Shi ya sa ban yarda ka ba da dubu 400 a dunƙule ba. Ka ce wa magadan su bar maka kayan a kan la'ada: ka ɗauki hotuna, ka nemo mai saye, ka cire kasonka da aka yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. Idan sun matsa sai kuɗi hannu, ka saye su a farashin tsofaffin kujeru masu kyau, kuɗin da in ya kwanta ba zai hana ka sarin mako mai zuwa ba. In kuma ka kife ka ga tambari mai daraja, ka gaya musu. Dukiyar gado ce, wataƙila da marayu a ciki, ribar da aka ci da ɓoye irin wannan ba ta da albarka, kuma Sakkwato ba ta da girman da magana za ta ɓata.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro, don na san halinmu: fenti. Na taɓa ganin wani ya sami irin wannan saiti, ya kai wa mai fentin mota ya fesa masa ruwan zinariya don ya yi ƙyalli. Matar da ta taso daga Abuja saboda su ta leƙa sau ɗaya, ta koma mota. Mai neman tsohon kaya tsufan yake saye. Buroshi mai laushi ya ishe ka kakkaɓe ƙura. Kara na gaske yana son a shafe shi da ɗanyen tsumma lokacin hunturu don kada ya karye, amma na takarda in ya jiƙe ya lalace, kada ka kai shi bakin famfo. Ka ɗora su a kan bulo saboda gara, ka kuma duba ko akwai garin itace a ƙarƙashin ƙafafun, alamar ƙwaro ya riga ka shiga.

Wani abu a gefe: idan a gidan aka fito maka da tsohon aikin hannu na gida, kamar gadon sarauta ko kayan fada, wannan wata shari'a ce daban. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta shafi aikin gargajiya da aka yi kafin 1918, ba a cinikinsa kai tsaye, ba a fitar da shi waje sai da izini. Irinsa ka fara tambaya a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.

Ka aiko mini hoto huɗu na kowace kujera: gaba, baya, gindi, da kusurwar da ƙafa ta haɗu da mazauni. Kwandon kuma, ka fara da shi.